TARIHIN MARIGAYI AYRTON SENNA, GWANIN TSEREN MOTOCI NA ƘASAR BIRAZIL

A cikin wannan fili na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo wa masu karatu labarin marigayi Ayrton Senna, mutumin ƙasar Birazil, wanda ya zama zakaran duniya a tseren motoci har sau uku, kuma ya rasu a bakin sana'arsa ran 1 ga watan Mayu, 1994, yana da shekara 34 da haihuwa. Galibi idan aka zo ba da labarinsa akan fara ne daga lokacin da ya shiga babban ajin tsere, inda duniya ta san shi. Amma mai son ya fahimci halin mutumin nan sosai, sai ya koma shekarar 1983, lokacin da yake saurayi a ƙaramin aji a Ingila, yana fafatawa da wani Bature sa'ansa mai suna Martin Brundle. A cikin wannan shekara guda aka ga dukan abin da ya ɗaukaka shi daga baya, aka kuma ga abin da ya riƙa jawo masa zargi har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu ɗan yi bayani a kan wannan wasa, domin ba kowa ne ya san tsarinsa ba. Motocin da ake wannan tsere da su ba irin waɗanda muka saba gani a kan titi ba ne. Kujera ɗaya tak gare su, ba su da rufi, tayoyinsu a waje suke, kuma direba kusan a kwance yake a ciki. An raba su aji-aji, kamar yadda ake raba makaranta. Babban aji shi ne Fomula 1, inda ake neman kambun duniya. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan azuzuwa, irin su Fomula Ford da Fomula 3, inda samari ke gwada kansu, masu manyan ƙungiyoyi kuwa suna gefe suna kallon wanda za su ɗauka. Tseren ƙaramin aji gajere ne, sau da yawa ba ya kai rabin sa'a, ba a tsayawa shan mai ko sauya taya, saboda haka wanda ya yi kuskure a zagayen farko da wuya ya sami sararin gyarawa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Ayrton Senna da Silva ran 21 ga watan Maris, 1960, a birnin Sao Paulo. Mahaifinsa, Milton da Silva, attajiri ne mai gonaki da masana'anta, mahaifiyarsa kuwa sunanta Neide Senna. Yana da ya mai suna Viviane da ƙane mai suna Leonardo. Tun yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya haɗa masa wata 'yar ƙaramar mota irin wadda ake kira gokat, ya sa mata injin yankan ciyawa. Daga nan yaron bai ƙara samun abin da ya ɗauke masa hankali kamarta ba. Da ya kai shekara 13 ya fara shiga gasa, a 1977 kuma ya zama zakaran gokat na Kudancin Amurka. Ya je Turai neman kambun duniya na wannan aji, ya zo na biyu a 1979, ya sake zuwa na biyu a 1980. Wannan kambu bai taɓa samunsa ba, kuma abin ya daɗe yana yi masa ciwo ko bayan da ya sami waɗanda suka fi shi girma.

A zamanin nan duk saurayin da ke son ya kai ga babban aji, Ingila yake dosa, domin a can ne masu ƙera motocin tsere suka fi yawa, a can ne kuma ake yin gasa kusan kowane mako. 'Yan ƙasarsu biyu sun riga sun share masa hanya. Emerson Fittipaldi ya ci gasar Fomula 3 ta Ingila a 1969, ya zama zakaran duniya a 1972 da 1974. Nelson Piquet ya ci irinta a 1978, ya zama zakaran duniya a 1981. Saboda haka a farkon 1981 Senna ya sauka Ingila, ya zauna kusa da garin Norwich, ya shiga ajin Fomula Ford da motar kamfanin Van Diemen. Ga sanyi, ga baƙunta, ga Ingilishinsa bai nuna ba tukuna, amma duk da haka ya ci tsere 12 cikin 20, ya ɗauki kambu biyu a shekarar.

Abin mamaki, da shekara ta ƙare sai ya ba da sanarwar ya bar tsere. Iyayensa suna so ya komo gida ya riƙe harkar kasuwancin mahaifinsa, kuɗin ci gaba da gasa ma bai samu ba. Ya koma Birazil ya zauna 'yan watanni a ofis, amma zuciyarsa tana fagen tsere. A farkon 1982 ya sake komowa Ingila, ya hau aji na gaba, watau Fomula Ford 2000, ya ci tsere fiye da 20, ya haɗa kambun Ingila da na Turai. A wajen wannan lokaci ne ya fara amfani da sunan dangin mahaifiyarsa, Senna, domin da Silva suna ne da ya cika ƙasar Birazil.

SHEKARAR 1983

Gasar Fomula 3 ta Ingila ta 1983 tsere 20 ce, daga watan Maris zuwa Oktoba. Wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, na uku 4, a yi ta raguwa har na shida mai maki 1, sa'an nan akwai ƙarin maki 1 ga wanda ya yi zagaye mafi sauri. A ƙarshen shekara sakamako 17 mafi kyau na kowane direba ake ƙirgawa, a zubar da sauran. Senna ya shiga ƙungiyar West Surrey Racing, ƙarƙashin wani injiniya mutumin New Zealand mai suna Dick Bennetts. Brundle kuwa, ɗan wani dillalin motoci daga garin King's Lynn, wanda ya girmi Senna da 'yan watanni, yana ƙungiyar Eddie Jordan, mutumin Ailan, wadda a lokacin ba ta da kuɗin kirki. Abin lura shi ne su biyun mota iri ɗaya suke tuƙawa, ƙirar Ralt, da injin Toyota mai lita 2. Ke nan babu wanda zai fake da cewa motar abokin karawarsa ta fi tasa asali. Hannu da hankali da shiri su ne za su raba gardama.

Senna ya ci tsere tara na farko a jere, ba tare da ya bar ko ɗaya ba. A mafi yawansu Brundle ne ke biye da shi, yana hango bayan motarsa, ba ya iya cim masa. Kafin tsakiyar shekara mutane sun riga sun ɗauka gasa ta ƙare, manyan ƙungiyoyi sun fara aiko wa Senna da goron gayyata. Amma maki 6 na wanda ya zo na biyu ba abin rainawa ba ne, kuma Brundle yana ta tara su a hankali, da haƙuri irin na mai cin kasuwa da ƙaramin jari.

Al'amari ya juya a watan Yuni a filin Silverstone, inda aka haɗa tseren da na gasar Turai, aka sa wa motocinsu tayoyin da ake amfani da su a waccan gasa. Brundle ya tashi a gaba ya riƙe gaba. Senna, wanda bai saba ganin bayan kowa ba, ya matsa wa motarsa fiye da kima har ta ƙwace masa, ya koma kan hanya ya ci gaba da matsawa, a ƙarshe ya yi karo ya fita. Ranar nan Brundle ya gane abu biyu: mutumin nan yana ciwuwa, kuma idan aka shiga gabansa ba ya iya haƙura da matsayi na biyu.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. A Cadwell Park, Senna ya ragargaza motarsa tun a wajen gwajin neman gurbin tashi, alhali ya riga ya fi kowa sauri, bai ma sami shiga tseren ba, Brundle ya ci. A Snetterton, wanda yake a jihar su Brundle, Senna ya nemi wucewa ta inda babu hanya, tayoyinsu suka gogu, shi ya fita, Brundle ya ci. A Oulton Park cikin watan Agusta abin ya fi muni, domin Senna ya kutsa a wata kwana daga nesa, motarsa ta hau kan ta Brundle ta tsaya dab da kansa, sai da aka ɗaga ta kafin Brundle ya iya fitowa. Alƙalan wasa suka ɗora wa Senna laifi, suka ci shi tarar fam 200, suka kuma yi wa lasisinsa alama. A duk waɗannan wurare, da ya yarda ya zo na biyu, da tuni ya naɗe gasar ya huta. Dick Bennetts ya sha nuna masa wannan lissafi, amma ba ya shiga kunnensa.

Ita ma ƙungiyar Brundle ba ta tsira daga jarraba ba. A cikin watan Agustan nan, suna komowa daga wani tsere a ƙasar Ostiriya, babbar motar da ke ɗauke da kayansu ta faɗa kwari, shugaban makanikansu ya rasu, motocin tseren suka lalace. Duk da wannan rashi suka sake haɗa mota suka ci gaba. Senna ya ci sau biyu a Silverstone a watannin Yuli da Agusta, amma Brundle ya ci a Donington, ya ci a Oulton Park karo na biyu inda Senna ya sake yin karo, ya ci a Thruxton inda injin Senna ya lalace, ya kuma ci a Silverstone a farkon Oktoba. Da aka zo tsere na ƙarshe, mutumin da ya ci tara a jere shi ne a baya: Brundle yana da maki 123, Senna 122.

A nan ne ɗaya ɓangaren halinsa ya fito fili. Ya lura cewa injin Brundle ya fi nasa ja a 'yan makonnin nan, domin kamfanin Novamotor na ƙasar Italiya, wanda ke gyara injunan, ya yi masa sabon gyara. Senna bai tsaya aike ba. Ya sa injinsa a mota, ya tuƙa da kansa tun daga Ingila har Italiya, ya tsaya aka yi aikin a gabansa, ya komo da shi. Bayan wannan akwai wata dabara da suka shirya da Bennetts. Tseren ƙarshe a Thruxton za a yi shi, a ƙarshen Oktoba, lokacin sanyi, kuma inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai baƙin mai ya yi zafi. A gajeren tsere kuwa babu lokacin jira. Saboda haka suka liƙe kafar iskar da ke sanyaya man da salatif, don ya yi saurin ɗumi. Bayan 'yan zagaye, da zafin ya fara wuce kima, Senna ya sassauta bel ɗin da ya ɗaure shi a kujera, ya miƙa hannu waje yana cikin gudu, ya ɓalle salatif ɗin. Ya tashi a gaba, bai bar gaba ba har ƙarshe. Wani Ba'amurke, Davy Jones, ya zo na biyu, Brundle na uku. Da yake Brundle ya cika adadin sakamakon da ake ƙirgawa, makin na uku bai ƙara masa kome ba. Aka tashi Senna yana da 132, Brundle 123. Cikin tsere 20, Senna ya ci 12, Brundle 7, guda ɗaya tak ya kuɓuce musu, shi ne na ranar da suka hau juna a Oulton Park, wanda Calvin Fish ya ci.

Wata guda bayan haka Senna ya tafi Macau, a gaɓar ƙasar Sin, inda a karo na farko aka yi babban tseren garin da motocin Fomula 3. Bai taɓa ganin titunan garin ba kafin wannan mako, amma ya ci kashi na farko da na biyu duka.

A BABBAN AJI

Tun cikin 1983 ƙungiyoyin Williams da McLaren da Brabham da Toleman sun ba shi motocinsu ya gwada, amma manyan ba su da gurbi a lokacin, sai ya shiga Toleman, ƙaramar ƙungiya, a 1984. A tseren Monako na shekarar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Senna ya tashi a gurbi na 13, ya riƙa wuce manya ɗaya bayan ɗaya, har ya kusa kama Alain Prost, mutumin Faransa, wanda ke gaba, sai aka tsayar da tseren bayan zagaye 31 saboda tsananin ruwan. Ya zo na biyu, amma tun daga ranar sunansa ya shiga bakin duniya.

Daga 1985 zuwa 1987 yana ƙungiyar Lotus. Nasararsa ta farko a babban aji ta zo ran 21 ga watan Afrilu, 1985, a Estoril ta ƙasar Fotugal, nan ma cikin ruwan sama, inda ya zagaye kowa ban da mota guda. Ya ci tsere shida da Lotus, kana a 1988 ya koma McLaren, wadda ke amfani da injin Honda, ya tarar da Prost a can, wanda ya riga ya zama zakaran duniya sau biyu. A shekarar nan su biyun suka ci 15 daga cikin tsere 16, Senna 8, Prost 7, Senna ya ɗauki kambunsa na farko a Suzuka ta ƙasar Jafan.

Zakaru biyu ba sa zama a akurki ɗaya. Zumuncinsu ya lalace a 1989, har suka daina magana da juna. A Suzuka, ana dab da ƙare gasa, Senna ya nemi wuce Prost a wata ƙaramar kwana, Prost ya rufe hanya, motocin suka sarƙe suka tsaya. Prost ya fito, Senna kuwa aka tura motarsa ta tashi, ya je aka sauya masa hancinta, ya komo ya ci tseren, amma hukuma ta soke nasarar bisa hujjar cewa ya yanke kwanar. Prost ya zama zakara. Senna ya ɗauka an zalunce shi, ya kuma zargi shugaban hukumar, Jean-Marie Balestre, da goyon bayan ɗan ƙasarsu.

Shekara ta zagayo, 1990, aka komo Suzuka, Prost yana ƙungiyar Ferrari, wannan karo kuwa Senna ne ke gaba da maki. Ya sami gurbin farko, ya roƙi a mayar da gurbin ɓangaren titin da ya fi tsabta, aka ƙi. Da aka tashi Prost ya riga shi, shi kuwa da suka iso kwanar farko bai ɗaga ƙafa ba, ya daki motar Prost, duka biyu suka yi waje cikin mugun gudu. Da haka ya ɗauki kambu na biyu. Bayan shekara guda ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ƙi kaucewa. Masu ƙaunarsa sun ce ramuwa ce, amma ko su sun san ya jefa rai biyu cikin haɗari, ban da na waɗanda ke biye da su. Wanda ya ga abin da ya faru a Oulton Park shekara bakwai kafin nan ba zai yi mamaki ba.

A 1991 ya ci kambu na uku. A shekarar ce kuma ya fara cin tseren ƙasarsa, a Sao Paulo, inda giyar motarsa ta lalace, ya ƙarasa zagayen ƙarshe da giya ta shida kaɗai, har da aka gama sai da aka taimaka masa ya fito daga mota saboda kafaɗunsa sun ƙage. Daga nan motocin Williams suka fi na kowa, amma a 1993 ya ci tsere biyar da motar da ba ta kai tasu ba. Ɗaya daga ciki shi ne na Donington, inda cikin ruwa ya wuce motoci huɗu a zagayen farko ya shiga gaba. A Monako ya ci sau shida. Jimla ya yi tsere 161 a babban aji, ya ci 41, ya sami gurbin farko sau 65, adadin da ba a wuce ba sai a 2006.

Mutumin da ke da wannan zafi a kan titi, a waje mai taushin zuciya ne, mai riƙo da addininsa na Kirista, mai taimakon yaran talakawan ƙasarsa a ɓoye. A 1992, a filin Spa na ƙasar Beljiyam, wani direba Bafaranshe, Erik Comas, ya yi karo a wajen gwaji ya suma, injinsa na ta ruri. Senna ya tsayar da motarsa, ya sheƙo da gudu a ƙafa ta tsakiyar titi, wasu motoci na wucewa, ya kashe injin, ya tallafe kan mutumin har likita ya iso.

RASUWARSA

A 1994 ya koma Williams, ƙungiyar da ya daɗe yana so, amma a shekarar aka hana amfani da na'urorin lantarki da suka sa motar ta fi sauran, ta zama mai wuyar sarrafawa. Bai gama tsere biyu na farko ba, wani saurayi Bajamushe, Michael Schumacher, ya cinye su. Na uku shi ne na Imola a ƙasar Italiya. Ran Jumma'a wani ɗan ƙasarsu, Rubens Barrichello, ya yi mummunan karo, ya tsira. Ran Asabar, 30 ga Afrilu, Roland Ratzenberger, mutumin Ostiriya, ya yi karo a wajen gwaji ya rasu. Abin ya girgiza Senna ƙwarai, har babban likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, wanda amininsa ne, ya ba shi shawara kada ya shiga tseren, ya ma bar sana'ar ɗungum. Bai karɓi shawarar ba. Ran Lahadi da safe ya tattauna da 'yan'uwansa direbobi a kan farfaɗo da ƙungiyarsu domin neman a inganta tsaro.

Da rana aka tashi, aka yi karo a layin tashi, aka rage gudu na 'yan zagaye, sa'an nan aka sake su. A zagaye na bakwai, Senna na gaba Schumacher na biye, motarsa ta ƙi shan kwanar Tamburello, ta miƙe ta daki katangar kankare. Wani ƙarfe daga ƙafar motar ya huda hular kwanonsa. Aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a birnin Bologna, inda aka ba da sanarwar rasuwarsa da yamma. A cikin motar aka sami tutar ƙasar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa a ƙarshen tsere domin tunawa da Ratzenberger. An daɗe ana shari'a a Italiya a kan musabbabin haɗarin, a 2007 kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tsaya a kan cewa sandar sitiyari ce ta karye, amma ba a hukunta kowa ba domin wa'adin shari'ar ya wuce.

Gwamnatin Birazil ta ba da kwana uku na zaman makoki. Aka ɗauko gawarsa a kan motar 'yan kwana-kwana, jama'a suka cika titunan Sao Paulo maƙil, aka binne shi a maƙabartar Morumbi. Cikin waɗanda suka raka akwatinsa har da Alain Prost, domin sun shirya da juna bayan da Prost ya bar tsere a ƙarshen 1993. A watan Yuli na shekarar, da 'yan ƙwallon Birazil suka ci kofin duniya a Amurka, sun sadaukar da nasarar gare shi.

ABIN DA YA BARI

Rasuwarsa ta sa hukuma ta tashi tsaye. Aka gyara kwanoni masu haɗari, har da Tamburello, aka ɗaga gefen mazaunin direba don kare kai, aka tsananta gwajin ƙarfin motoci. Shekara 20 suka wuce ba a sake yin haɗarin da ya ci ran direba a tseren babban aji ba, sai na Jules Bianchi a Suzuka a 2014, wanda ya rasu a 2015. 'Yar'uwarsa Viviane kuwa ta cika burin da ya gaya mata watanni kaɗan kafin rasuwarsa, ta kafa cibiya da sunansa a ƙarshen 1994 domin ilimin yaran Birazil.

Shi kuwa Martin Brundle, tare suka shiga babban aji a 1984, amma a watan Yuli na shekarar ya yi karo a birnin Dallas na Amurka ya kakkarye a ƙafafu, abin da ya bar masa lahani. Ya yi tsere 158 a babban aji bai ci ko ɗaya ba, ko da yake ya zama zakaran duniya a wani ajin motoci dabam a 1988, ya kuma ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1990, daga baya ya shahara wajen sharhin tsere a talabijin. Maki tara ne kawai suka raba su a 1983, da mota iri ɗaya, kuma kowannensu ya amfana da ɗan'uwansa: Brundle ya sami shiga babban aji ne saboda an ga ya iya kayar da Senna, Senna kuwa a hannun Brundle ya fara sanin cewa baiwa kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da shiri. Wannan darasi ya riƙe shi har ƙarshe. Ɗaya darasin, na haƙura da matsayi na biyu ranar da na ɗaya bai samu ba, shi ne wanda Dick Bennetts ya yi ta ƙoƙarin koya masa a shekarar nan, har kuwa ya bar duniya bai cika karɓarsa ba.